Muhallin Ƙari da Makomar Ciwon Dajin Babban Hanji: Abin da Ya Shafi Korgom da Maƙwabtanta

Likitocin fiɗa sun daɗe da sanin wani abu mai ɗaure kai game da ciwon dajin babban hanji. Za a yi wa mutum biyu aiki, a cire musu ƙari mai girma ɗaya, wanda ya ci bangon hanji zuwa zurfi ɗaya, a kuma ba su magani iri ɗaya. Ɗaya ya yi shekaru lafiya lau, ɗayan kuwa kafin shekara biyu ciwon ya ɓulla masa a hanta. Ma'aunin da ake kimanta ciwon da shi, wanda ya samo asali daga wanda Cuthbert Dukes ya tsara a Landan a 1932 har ya zama tsarin TNM na yau, abu uku yake dubawa: zurfin da ƙarin ya kai, ko ya shiga kaluluwa, ko kuma ya yaɗu zuwa wata gaɓa mai nisa. Ma'auni ne mai amfani ƙwarai, amma ya kasa bayyana wannan bambanci. Binciken shekaru ashirin na baya-bayan nan ya nuna cewa kaso mai yawa na amsar yana wurin lafiyayyun ƙwayoyin da ke zaune tare da ƙarin. Su za mu nazarta a nan, sannan mu auna abin da wannan ilimi zai iya yi wa mazaunin Korgom, ƙaramar hukumar da ke kudu maso gabashin Tasawa a jihar Maraɗi, da makamancinsa a karkarar Mayahi.

Ya wajaba mu fara daidaita kalmomi. Ƙwayar jiki ita ce ƙaramin rayayyen ɓangaren da aka gina nama da jini da ƙashi da shi, ido ba ya ganinta sai da madubin ƙara girma. A cikin kusan kowace ƙwayar jiki akwai DNA, dogon zaren da ke ɗauke da umarnin halitta. Yanki guda na wannan zare, mai ɗauke da umarnin haɗa furotin guda, shi muke kira ƙwayar gado, kuma ɗan Adam yana da kimanin 20,000. Duk ƙwayoyin jikin mutum suna ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, sai dai kowace tana aiki ne da wasu ta bar wasu a rufe. Idan ƙwayar gado tana aiki, takan fitar da kwafin saƙonta mai suna RNA, kuma ƙidayar wannan kwafi ita ce hanyar da masana ke gane wace ƙwayar gado ce a buɗe a cikin wani nama. Wannan za mu kira furucin ƙwayar gado. Ƙari kuwa tarin ƙwayoyin jiki ne da suka daina bin dokar haihuwa da mutuwa. Idan yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi, yana kuma iya yaɗuwa, ya zama ciwon daji, wanda wasu ke ce wa kansa ko sankara.

A babban hanji ciwon yana farawa ne daga siririn rufin da ke lulluɓe da cikin hanjin. A 1990 Eric Fearon da Bert Vogelstein na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka bayyana yadda lalacewa ke taruwa daki-daki, wanda a fahimtar yau yake tafiya haka: ƙwayar gado mai suna APC ta fara lalacewa, ɗan tsiro ya fito, sannan KRAS, sannan SMAD4 da TP53, har tsiron ya rikiɗe ya zama daji bayan shekaru goma ko fiye. Wannan bayani ya mamaye fagen na tsawon lokaci, har aka kusa mancewa cewa a cikin ƙarin da likita ya cire, sau da yawa ƙwayoyin dajin rabi ne kawai ko ƙasa da haka. Sauran, wato duk abin da ke zagaye da su kuma yake mu'amala da su, shi ake kira muhallin ƙari. Za mu kasa shi gida biyu. Na farko ƙwayoyin garkuwar jiki ne, waɗanda suka zo daga jini. Na biyu situroma, wato naman da ke tallafe da rufin hanji, wanda ya ƙunshi ƙwayoyin da ke saƙa zaren kolajin, da jijiyoyin jini, da shi kansa zaren. A hanji akwai kuma baƙo na uku da sauran gaɓoɓi ba su da shi da yawa haka, wato ƙwayoyin bakteriya, za mu taɓo su a gaba.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1863 Rudolf Virchow a Jamus ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙari. A 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan mata 735 da ciwon dajin mama ya kashe, ya ga cewa ciwon yana zaɓar gaɓoɓin da yake sauka, sai ya kwatanta ƙwayar daji da iri, gaɓar da ta karɓe ta kuma da ƙasa. Manomin Korgom ba ya buƙatar dogon sharhi a kan wannan, domin ya san gero ɗaya ake shukawa a jigawa da geza, amma abin da ake girba ya sha bamban. Abin da aka rasa a zamanin Paget shi ne hanyar auna ƙasar.

Mu fara da garkuwa. Mafi muhimmanci a cikin rundunarta su ne ƙwayoyin T masu alamar CD8. Kusan kowace ƙwayar jiki tana baje gutsattsarin furotin ɗinta a bayanta ta hanyar wasu furotin masu suna HLA, ƙwayar T kuwa tana bi tana dubawa. In ta ga baƙon gutsure, sai ta manne, ta huda ƙwayar da furotin mai suna perforin, ta zuba mata granzyme, ƙwayar ta mutu. Tana kuma fitar da interferon-gamma, wanda ke sa naman wurin ya saki CXCL9 da CXCL10, su kuma su kira wasu ƙwayoyin T. Don haka idan aka auna furucin ƙwayoyin gado a ƙari aka tarar da waɗannan sunaye a buɗe, an san ana gwabzawa a ciki. Ƙarin ma yana da dabarunsa. Yakan lalata ƙwayar gado ta B2M, sai HLA ta kasa fitowa, ƙwayar T ta wuce ba ta ga komai ba. Ko kuma muhallin ya cika da furotin mai suna PD-L1, wanda ke taɓa PD-1 a jikin ƙwayar T ya kashe mata kuzari. PD-1 birki ne da jiki ya tanada don kada garkuwa ta afka wa lafiyayyen nama, kuma bincike a kansa da ɗan'uwansa CTLA-4 ne ya ba Tasuku Honjo na Japan da James Allison na Amurka kyautar Nobel a 2018. Ba duk ƙwayoyin garkuwa ne ke gefen majiyyaci ba. Masu fitar da IL-17 suna tafe da mummunan sakamako. Wani abin mamaki shi ne ƙwayoyin T masu alamar FOXP3, masu kwantar da garkuwa, waɗanda yawansu mugun labari ne a wasu gaɓoɓi, amma bincike da dama ya same su tare da kyakkyawan sakamako a hanji, mai yiwuwa don suna rage kumburin da bakteriya ke hurawa.

Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faris ne suka mayar da wannan magana lissafi. A 2006 suka nuna cewa nau'in ƙwayoyin T, da yawansu, da wurin da suke, suna hasashen dawowar ciwon dajin hanji da ƙarfin da bai gaza na ma'aunin TNM ba. Daga nan aka ƙirƙiro gwajin Immunoscore, inda ake rina yankin nama don a ƙirga ƙwayoyin CD3 da CD8 a tsakiyar ƙari da kuma bakinsa, wato gaɓar da yake kutsawa. A 2018 aka wallafa gwajin da aka yi wa wannan ma'auni a kan majiyyata 2,681 daga ƙasashe 13. A rukunin farko na binciken, kashi 8 cikin 100 na masu yawan ƙwayoyin T ne ciwon ya dawo musu cikin shekara biyar, kashi 19 a matsakaita, kashi 32 a masu ƙaranci. Ninki huɗu ke nan tsakanin sama da ƙasa.

Me ya sa wani ƙari yake cike da ƙwayoyin T, wani kuma fayau? Babban dalilin da aka sani yana wurin ƙwayoyin gado huɗu, MLH1, MSH2, MSH6 da PMS2, masu gyara kurakuran da ake yi yayin kwafar DNA. In ɗaya ta lalace, kurakurai sukan taru ninkin-ba-ninkin, ƙarin ya riƙa haɗa furotin masu baƙuwar siffa da garkuwa ke saurin ganewa. Ana kiran irin wannan ƙari MSI. A ƙasashen Turai da Amurka kimanin kashi 15 cikin 100 na ciwon dajin hanji haka yake, kuma wani ɓangare na gado ne, wato cutar Lynch, wadda kowane ɗan mai ita ke da rabin yiwuwar gadonta. A 2015 Dung Le da Luis Diaz suka gwada maganin pembrolizumab, mai sakin birkin PD-1, a kan majiyyatan da ciwon ya riga ya yaɗu: ƙari ya ja da baya a 4 cikin 10 masu MSI, amma ko ɗaya bai motsa ba a cikin 18 marasa shi. A 2022 wani asibitin ciwon daji a Niyok ya ba da rahoton mutum 12 masu irin wannan ƙari a dubura da aka ba dostarlimab na wata shida, dukkansu aka nemi ƙarin aka rasa. Maganin bai taɓa ƙwayar daji kai tsaye ba, muhallinta ya canza.

Gida na biyu, situroma, shi ne wanda muke ganin ba a ba shi haƙƙinsa a bayanan da ake yi wa jama'a ba. A 1986 Harold Dvorak ya siffanta ƙari da raunin da ya ƙi warkewa, kuma ma'anarsa a zahiri take. Idan mutum ya ji ciwo, ƙwayoyin saƙa, waɗanda masana ke kira faibiroblas, sukan farka su zuba kolajin su ja bakin raunin, sabbin jijiyoyi su tsiro, garkuwa ta lafa, sannan kowa ya koma barci. A cikin ƙari ba a komawa barcin. Furotin ɗin da ke riƙe da wannan aiki shi ne TGF-beta, kuma labarinsa yana da sarƙaƙiya. A lafiyayyen hanji, shi ke hana ƙwayoyin rufi yawan haihuwa. Ƙwayar daji takan lalata SMAD4 ko makarɓin TGF-beta, ta daina jin wannan hani, alhali ana ci gaba da zuba furotin ɗin a wurin. Masu jin sa yanzu su ne maƙwabta. Ƙwayoyin saƙa su buɗe ƙwayoyin gado irin su FAP, CALD1, IGFBP7 da na kolajin, su yi kaurin nama a kewayen ƙarin, su fitar da IL-11 wanda ke taimaka wa ƙwayar daji ta rayu idan ta sauka a hanta. Ɗakin binciken Eduard Batlle a Barselona ya nuna wannan a 2012, sannan a 2018 ya nuna a jikin ɓeraye cewa TGF-beta yana tsare ƙwayoyin T a bakin ƙari ya hana su shiga, kuma idan aka toshe shi, maganin sakin birki yakan fara aiki a ƙarin da a da ba ya ji. A jikin mutane har yanzu wannan haɗi bai zama maganin da ake rubutawa ba. Akwai kuma abin lura: gwajin da aka yi a ɓeraye masu ciwon dajin pankiriyas a 2014 ya nuna cewa kawar da ƙwayoyin saƙa baki ɗaya na iya sa ciwon ya ƙara tsanani, domin wasunsu katanga ne.

A 2015 wata gamayyar masana ta haɗa bayanan furucin ƙwayoyin gado na majiyyata sama da 4,000, ta kasa ciwon dajin hanji gida huɗu da ake kira CMS. CMS1, kashi 14 cikin 100, shi ne mai MSI da cikar garkuwa. CMS2, kashi 37, da CMS3, kashi 13, an bambanta su ne da halin ƙwayar dajin kanta. CMS4, kashi 23, shi ne mai TGF-beta da kaurin situroma, kuma shi ya fi kowanne dawowa da kisa. Sauran sun ƙi shiga ko'ina. Da farko an zaci ƙwayoyin dajin CMS4 ne suka sauya hali. A shekarar nan dai ɗakin Batlle da wani ɗaki a kusa da Turin ta Italiya suka warware batun. 'Yan Italiyan sun dasa ƙarin mutum a jikin ɓera, inda ƙwayoyin dajin suka zauna na mutum, situroma kuwa ta zama ta ɓera, suka karanta RNA suka tarar da cewa mafi yawan saƙon da ke nuna mummunan sakamako na ɓera ne. Wato daga situroma yake fitowa.

Wannan ya kawo mu ga wani nau'in bincike da ya yawaita ƙwarai, wanda ya kamata mai karatu ya san ƙarfinsa da rauninsa. A 2013 masana a cibiyar MD Anderson ta Amurka suka fitar da wata dabarar lissafi mai suna ESTIMATE, wadda ke amfani da ƙwayoyin gado 141 na garkuwa da 141 na situroma ta ba kowane ƙari maki biyu. Tun da bayanan shirin TCGA na Amurka a buɗe suke a intanet, duk mai kwamfuta zai iya sauke su, ya raba majiyyata zuwa masu maki sama da masu maki ƙasa, ya fito da jerin ƙwayoyin gado da ya ce suna hasashen rayuwa. An rubuta irin wannan takarda ba adadi, kuma jerin wannan ba ya cika dacewa da na wancan. Dalilan a fili suke. Naman da aka niƙa aka auna ba ya faɗin inda kowace ƙwaya take zaune, alhali aikin Galon ya nuna wurin zama shi ne rabin magana. Masana a Belfast sun nuna a 2016 cewa ƙari guda zai iya faɗawa rukuni daban-daban gwargwadon inda aka yanko naman, tsakiya ko baki. Sannan tafiya tare ba ita ce haddasawa ba. Muna ɗaukar irin waɗannan jeri a matsayin tambayoyin da suka cancanci gwaji, ba mu ɗauke su hujjar ba da magani ba.

Rauni na ƙarshe shi ya fi shafar mu, domin kusan duk alƙaluman da muka ambata daga majiyyatan Turai, Amurka da gabashin Asiya aka samo su. A 2021 Olusegun Alatise na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da abokan aikinsa na Niyok suka wallafa kwatancin majiyyatan Najeriya da na Amurka. 'Yan Najeriyan sun fi ƙuruciya, ciwon ya fi kama su a dubura, kuma a ƙarin da aka karanta DNA ɗinsu kimanin kashi 28 cikin 100 masu MSI ne, kusan ninki biyu na abin da aka saba gani. A cikin marasa MSI kuma, ƙasa da rabi ne ke da lalacewar APC, alhali a Amurka kashi uku cikin huɗu ne. Samfurin ƙarami ne, kuma daga kudu maso yammacin Najeriya ya fito, don haka ba za a ɗora shi kai tsaye a kan Tasawa ko Mayahi ba. Amma ya isa ya nuna cewa hoton da ke cikin littattafai ba lalle ne ya zama namu ba. Abinci ma yana da hannu. Bakteriyar hanji tana narkar da dusar hatsi ta fitar da wani sinadari, butyrate, mai ciyar da rufin hanji da kwantar da kumburi. A 2015 Stephen O'Keefe ya musanya abincin baƙaƙen Amurka 20 da na mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 na mako biyu kacal, alamun kumburi a hanjinsu suka juya. Tuwon gero da wake da miyar kuka suna gefen da ya dace a wannan lissafi.

To, mu komo Korgom. A duniya, ciwon dajin hanji ya kama mutum kimanin miliyan 1.9 a 2022, ya kashe kimanin 900,000. A karkararmu bai kai yawan na Turai ba, amma wanda ya kama yakan zo a makare. Magidanci zai ga jini a bayan gida ya ce basir ne ko atuni, a jiƙa masa sassaƙe, a sayo ƙulli a kasuwa, wata ya bi wata yana ramewa. Sai ranar da hanji ya toshe, ba kashi ba tusa, ciki ya kumbura, a ɗauke shi zuwa cibiyar lafiya ta CSI, daga nan asibitin gunduma a Tasawa, daga nan Maraɗi ko Damagaram, a yi masa aikin gaggawa. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, kuma a 2021 ne ta fara aikin gashi. Rajistar ciwon daji ta Nijar, wadda aka kafa a 1992, ita ma a Yamai take. Ga irin wannan majiyyaci, auna furucin ƙwayoyin gado dubu ashirin magana ce ta nesa.

Sai dai mafi amfanin abin da muka bayyana ana iya karanta shi a kan gilashi. Idan aka yanka nama siriri, aka rina shi da rini biyun da kowane ɗakin binciken nama ke da su, hematoxylin da eosin, cibiyar kowace ƙwaya takan fito shuɗiya, kolajin kuma ruwan hoda. Mai dubawa zai kai madubi wurin da ƙarin ya fi nutsewa. In ruwan hodar ya rufe fiye da rabin filin, ƙari ne mai yawan situroma, kuma Wilma Mesker da abokan aikinta a Leiden ta Holan sun nuna tun 2007 cewa wannan yana tafe da gajeriyar rayuwa. In kuma bakin ƙarin yana kewaye da ɗigo-ɗigon ƙananan ƙwayoyi masu duhu, garkuwa ce ta taru, kuma masana a Oulu ta Finlan sun tsara ma'auninsa a 2005. Duka biyun aikin mintuna ne. Gano MSI kuwa yana buƙatar ƙarin rini huɗu na furotin ɗin gyara. Amfaninsa bai tsaya ga majiyyaci ba, domin yana iya tona cutar Lynch a gida mai 'ya'ya goma. Farashin allurar pembrolizumab guda a Amurka ya haura dala 10,000, amma a 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna don wannan nau'in ciwo, kuma ƙasar da ba ta san adadin masu MSI a cikinta ba ba ta da abin da za ta riƙe wajen neman rangwame.

Duk wannan ya rataya ne a kan abu guda, wato naman da aka cire ya isa ɗakin bincike a yanayi mai kyau. Dole a buɗe hanjin, a nutsar da shi cikin ruwan fomalin mai ninki goma na girmansa ba tare da ɓata lokaci ba, domin zafin Maraɗi yana lalata furotin cikin sa'o'i, kuma a nemo aƙalla kaluluwa 12 a duba. A wurare da yawa a yankinmu, dangi ake miƙa wa kwalbar su kai da kansu su biya, bayan kuɗin aiki ya riga ya cinye akuya da buhun wake. Wasu kuma sukan fi son a binne abin da aka cire, bisa girmama jikin ɗan Adam, wanda ana iya yi da ragowar bayan an gama dubawa idan an yi musu bayani tun farko. Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Maraɗi da su ɗauke wa iyalai jigilar wannan kwalba da kuɗinta, ga masu duba nama da su riƙa rubuta yawan situroma da na garkuwa a kowane rahoto, ga masu bincike na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi da su tattara waɗannan rahotanni. Mai karatu kuma da ya haura shekara 40 yake ganin jini a bayan gida fiye da 'yan makonni, ko canjin fitar kashi tare da rama, ya je a duba shi kafin ya yanke cewa basir ne.